Katin waifai ya yi mini aiki a Kuala Lumpur, amma na hana ƙanina saya a Bauchi

Ina dawowa daga sallar asuba saƙon muryar ƙanina ya shigo. Tsakanin Kuala Lumpur da Bauchi awa bakwai ne, saboda haka a wurinsa sha ɗayan dare ta gota, lokacin da ɗalibai ke zaman jiran datar dare. Ya ce, "Yaya, don Allah in ka samu mai tahowa gida, ka haɗo mini da irin katin nan da ka sa wa kwamfutarka. Tawa ta ishe ni. Bidiyon darasi na minti 20 sai in share awa guda ina kallon da'ira tana juyawa."

Ni na ba shi labarin katin tun farko, wato ɗan abin da ke cikin kwamfuta mai kama waifai, kuma gaskiya na faɗa masa. Laftof ɗina ƙirar 2016 ce, ta hannu na saye ta a Bauchi, da ita na taho karatu. Gidan da muke haya a nan akwai layin faiba na megabit 300. In na gwada gudun intanet da wayata sai in ga 280 ko kusa da haka, in na gwada da laftof ɗin a kan tebur ɗaya sai ta tsaya a wajen 40. Rauta ɗaya, wato na'urar da ke watsa waifai a gidan, ɗaki ɗaya, minti ɗaya. Da na duba sai na tarar katin da ke cikinta irin na tsarin 802.11n ne, wanda aka tabbatar tun 2009, yanzu ake ce masa Wi-Fi 4. Hanya ɗaya yake da ita ta karɓa da aikawa, kuma zangon gigahaz 2.4 kaɗai yake ji. Irin wannan kati a saitinsa na yau da kullum ba ya wuce megabit 72 ko da a takarda, a aikace kuwa da ƙyar a samu abin da ya ɗara rabi. Ga shi benen namu cike yake da mutane, in na buɗe jerin waifai sai in ga sunaye rututu har ƙasa, duk suna cunkushe a zango ɗaya wanda tashoshi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11.

Na je Plaza Low Yat da ke Bukit Bintang, babbar kasuwar kayan kwamfuta ta birnin, na sayo katin Intel AX200, wanda ya fito a 2019, mai Wi-Fi 6. Kafin in taɓa komai na sauke direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin, na ajiye, domin da zarar ka cire tsohon kati ka rabu da intanet ke nan har sai sabon ya tashi. Na kashe kwamfutar, na zare caja da batir, na kwance notinan baya ina zuba su a murfin kofi don kada ɗaya ya gangara. Katin ɗan mitsitsi ne, milimita 22 a 30, bai fi kan sarki na wasiƙa ba. Noti ɗaya ne ke riƙe da shi, sai wayoyin eriya biyu, baƙa da fara, waɗanda suka taso daga bayan allon kwamfutar. Kawunansu ba su fi ƙwayar dawa ba. Nan ne aikin yake. Sai ka ɗora kan daidai bisa ɗan maɓallin, ka danna da farce a hankali har ka ji ya ce ƙyas. In ka danna a karkace ka lanƙwasa shi, ka jawo wa kanka wani aikin. Baƙar ta shiga nan take, farar sai da na yi ta gwadawa hannuna yana rawa. Minti 20 na rufe. Gwajin farko ya nuna 270.

To wa zai ga laifin yaro don ya ce shi ma a kawo masa?

Sai na ce masa kafin mu kashe ko kwabo ya yi mini abu ɗaya. Ya tsaya a ɗakinsa da ke Gwallameji ya gwada gudun intanet a wayarsa, sannan ya kunna hotsifot ya haɗa laftof ɗin ya sake gwadawa, da ƙarfe takwas na dare, ya kuma maimaita da ƙarfe biyu. Ya turo mini hotuna. Da takwas waya ta nuna 3, laftof ta nuna 3. Da biyun dare waya 16, laftof 15. Na ce masa, "Ka gani? Katinka zai iya ɗaukar 40, ana ba shi 3. Ba shi ya tare hanya ba."

Duk ɗan Bauchi ya san wannan lissafin ko da bai taɓa buɗe kwamfuta ba. Ranar da ruwan madatsar Gubi bai iso unguwarku ba, ko ka cire kan famfon ka ɗaura sabo fil mai sheƙi, iska za ka ji tana huci. Katin waifai kan famfo ne. Aikinsa tsakanin kwamfutarka ne da rauta ko wayar da ke gefenka, tazarar taku biyar ko goma. Abin da ke tsakanin wayar da ƙarfen sabis, da yawan mutanen da suka rataya a ƙarfen nan da magariba, da wayar faiba da ta taso daga kudu wadda masu aikin titi kan tsinke, duk babu ruwansa da su. A nan Malesiya bututun yana da faɗi, kan famfona ne ya yi ƙanƙanta. A ɗakin ƙanina bututun ne da kansa ya tsuke.

Abin da ya fi damuna a maganar nan mu ne, mazauna waje. Mukan ga abu ya yi mana aiki, sai mu ɗauki waya mu yi ta ba 'yan'uwa shawara kamar a gari ɗaya muke kwana. Bidiyoyin da ake kallo na yadda ake sauya kati kusan duk an yi su ne a ƙasashen da faiba ta shiga gida gida, inda kuɗin wata ɗaya ake biya a yi ta amfani ba awo. Mai bidiyon bai yi ƙarya ba, da mutanensa yake magana. Amma ɗalibin da ke ƙirga kowane gigabait, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, in ya tara kuɗin da ya kamata ya ci abinci da su ya sayi kati, ya sa, ya ga da'irar nan tana nan tana juyawa, ba ƙaramar asara aka ja masa ba. Kuma sai ya yanke cewa kwamfutar ce ta mutu, ya fara neman yadda zai rabu da ita a wulaƙance.

Akwai ma wani abin da ba a faɗa. Ko da gudun ya ƙaru, mai sayen data da awo sai ya yi hattara, domin YouTube da ire-irensa da sun ga hanya ta buɗe sai su ɗaga ingancin hoto da kansu, Windows kuma ta shiga sauke sabuntawarta a ɓoye. Datar mako sai ta ƙare a kwana biyu. A saitin waifai na Windows akwai wurin da aka rubuta Metered connection. Duk mai amfani da hotsifot ya kunna shi, don kwamfutar ta san datar ta awo ce.

Da muka ci gaba da bincike ta kiran bidiyo, sai na gane rabin abin da yake kira jinkirin intanet ba na intanet ba ne. Kwamfutar ƙirar wajen 2012 ce, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take aiki da ita a nan take, gigabait 4, kuma tsohon faifan ajiya mai juyawa ne a ciki. Kafin ta gama tashi ya isa ya yi alwala. In ya buɗe shafuka shida sai ta daskare, shi kuwa ya ɗora wa sabis laifi. Da ya kusanto da ita kusa da waya ina jin fankarta tana gurnani. Ƙurar hunturun shekaru ta toshe mata hanci, kuma in zafin Maris da Afrilu ya zo, injin da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Wannan buroshi da hura iska ne maganinsa, sai a sa faifan SSD, wato sabon irin faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa, a ƙara RAM ta kai 8. Na kuma ce ya daina ajiye wayar a kan katifa a ƙuryar ɗaki, ya ɗora ta a taga, ya haɗa ta da kwamfutar da igiyar USB. Ta haka an cire waifai daga lissafin gaba ɗaya, wayar kuma tana samun caji. Ya kuma ari layin wani kamfanin daga abokinsa ya gwada, domin a Bauchi layin da ke tashi a Yelwa ba lallai ya tashi a Fadaman Mada ba.

Sai wuta. Wanda ya ga duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024, fiye da mako guda ana neman inda za a yi caji, ya san batir mai riƙe awa uku ya fi masa kowane kati amfani.

Ban ce babu mai buƙatar sabon kati a Bauchi ba. Akwai su, kuma suna ƙaruwa. Tun da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, wasu shagunan buga takardu da ofisoshi da gidajen kwanan ɗalibai sun haɗa kuɗi sun kafa. Wasu wuraren kuma faiba ta iso. Wanda ke zaune a irin wannan wuri, wayarsa na nuna 100 laftof ɗinsa na nuna 30, to halinsa irin nawa ne, katin ne ya tare shi. Haka wanda katinsa ke yankewa yana dawowa alhali na kowa a ɗakin lafiya lau, ko wanda kwamfutarsa ba ta ma ganin sunan waifai mai gigahaz 5. Sai dai a san cewa zangon 5 ya fi gudu amma ba ya ratsa bangon bulo kamar na 2.4, don haka in rautar tana can ɗaki na uku, ribar za ta ragu.

Irin wannan mutum kada ya sayi kati sai ya buɗe ya ga ramin da idonsa. Kwamfutocin da suka girmi 2014 yawanci ramin Mini PCIe gare su, katin AX200 kuwa na ramin M.2 ne, ba zai shiga ba. Ga masu tsohon rami akwai Intel 7260 mai Wi-Fi 5, wanda a takarda yake kai megabit 867, ya kuwa ishi duk abin da za a samu a gari. Kawunan eriyar ma sun bambanta, na tsohon rami sun fi girma. A kula da AX201, sunansa kusa da na AX200 amma sai da wasu injinan Intel na musamman yake aiki. Wasu kamfanonin kuma sun kulle tsofaffin kwamfutocinsu, in ka sa katin da ba ya cikin jerinsu sai ta ƙi tashi gaba ɗaya har ka mayar da na asali. Mai Windows 7 ba zai samu direban AX200 ba. Wasu siraran kwamfutocin ma katin a manne yake da allon injin, ba ya ciruwa. In abin ya yi yawa, akwai ɗan ƙaramin adafta da ake sokawa a ramin USB, ba sai an kwance ko noti ɗaya ba.

Masu gyara na kewayen Wunti ina ganin girmansu ƙwarai, kuma zaman waje ne ya ƙara mini ganinsa. Na sha tsayawa a kan matashi yana bin layin allon injin da abin awo da dalma, ya tayar da kwamfutar da a wasu ƙasashen kwandon shara za ta tafi. Aikinsu zai ma ƙaru, domin Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma kwamfutoci da yawa masu lafiya ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ina kyautata zaton da yawansu kasuwanninmu za su sauka. Roƙona gare su ɗaya ne. In yaro ya shigo ya ce, "Oga, intanet ɗina ba ya gudu, a sauya mini kati," a fara yi masa gwajin nan na waya da kwamfuta a gabansa. Minti biyu ne. In katin ne, a sayar masa da zuciya ɗaya. In ba shi ba ne, a gaya masa, ko da cinikin ranar zai wuce.

Wani abokin karatuna ɗan Gombe ya tafi hutu, na ba shi saƙo ya ajiye a Bauchi a hanyarsa: faifan SSD, da RAM, da doguwar igiyar USB mai kaiwa taga. Ƙanina ya kai wa mai gyara aka sa, aka kuma share fankar. Ya turo mini bidiyo yana ƙirgawa da baki, kafin ya kai 20 kwamfutar ta tashi. Na tambaye shi darussan fa? Ya ce, "Yaya, da takwas na dare har yanzu sai haƙuri. Amma yanzu da biyun dare nake sauke na mako guda in ajiye, da rana in kalla ba tsayawa."