Wai mu ba mu da abin da wuta za ta ci

Wata dattijuwar Baturiya ce ta yaɓa mini maganar a kan dutsen Chimney Tops, cikin gandun dajin Great Smoky Mountains da ke iyakar jihohin Tenesi da Karolina ta Arewa a Amurka. Ta kafa kyamararta a kan ƙafafu uku tana jiran rana ta karkata. Muka gaisa, ta tambaye ni ƙasarmu, na ce Nijar, jihar Tawa. Sai ta ce ai mu mun huta da gobarar daji, tunda hamada ce, wuta ba ta da abin da za ta ci. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, har gyaɗa ta miƙo mini. Amma maganar ta tsaya mini a maƙoshi har na koma Greensboro, garin da nake zaune.

Bari in kwatanta muku wurin. Daga inda ake ajiye motoci sai ka bi ƙananan gadoji ka tsallake rafi, ruwa garai-garai yana gudu a kan duwatsu rani da damina. Daga nan sai matakalai na dutse da aka sassaƙa aka jera, hawa zalla na kusan kilomita 3. Mutane kuwa kowa da takalmi na musamman, da sanduna biyu-biyu ko da saurayi ne majiyi ƙarfi, da jaka mai bututun shan ruwa a kafaɗa. Tafiyar da yarinya take yi da tulu a kai kafin hantsi a ƙauyukan Adar, yankinmu na Tawa, a nan sai an yi mata sayayya. In ka kai sama, tsaunuka ne jere bayan jere, wani shuɗin hazo ya lulluɓe su.

A kan wannan dutsen wuta ta tashi ranar 23 ga Nuwamban 2016, bayan fari mai tsanani. Ranar 28 ga watan iska mai ƙarfi ta kwashe ta zuwa garin Gatlinburg. Mutum 14 suka rasu, gine-gine sama da 2,000 suka ƙone ko suka lalace, cikin gandun kansa kuma ta cinye fiye da hekta 4,000. Ba wasa ba ne, ban kuma raina asararsu ba. Da aka sake buɗe hanyar a 2017 sai aka gina dandamalin kallo, aka datse ragowar hanyar zuwa ƙololuwa, domin ƙasar wurin ta ƙone ta yi sako-sako, tana iya zaftarewa da mutum. Baƙaƙen kututture na nan tsaye, sabon tsiro ya kewaye su. Akwai ma wani icen fain a tsaunukan da ƙaro ke liƙe 'ya'yansa, sai zafin wuta ya narkar da shi iri ya zube. Masu hoto suna dawowa wuri guda shekara bayan shekara, su ɗauka, su jera, kowa ya ga yadda dajin ke farfaɗowa.

In don gaskiya ne, abu guda ya burge ni. An ce kada a wuce shinge, galibin mutane ba sa wucewa, busasshen icen nan kuma ba mai taɓa shi. A gida da tuni amalanken jaki ya kai shi kasuwa. To amma wa zai sari ice a ƙasar da ake girki da lantarki da gas, ba kuma akuya ko ɗaya da ke jiran tsiron ya fito?

Mu ba mu da abin da wuta za ta ci? A tambayi makiyayan Abalak da Cintabaradan. Shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar fargaba, domin da kaka ta shigo ciyawa ta bushe, garwashin shayi guda ya isa. Ba jirgin sama mai feshin ruwa. Da rassan ice da barguna ake bugunta, sai kuma hanyoyin tare wuta da ake sharewa tun kafin ta tashi. Abin da ya ƙone kuma abincin garke ne har ruwan baɗi, daga nan sai tsadar dusa, sai karyar da shanu a kasuwa.

Batun farfaɗowar ma a duba. Saman tsaunukan nan ana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara. Tawa in ta samu wajen 400 sai hamdala. Dajin da ke shan irin wannan ruwa, ko an kulle shi an tafi zai tsiro da kansa. Namu da hannu aka dawo da shi. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya wajen Buza, layi biyu-biyu, don karya iskar da ke kwashe ƙasar gonaki. A 1984, tsakiyar baƙin fari, furojen farfaɗo da ƙasa na Kaita ya fara da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne kuma suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera a faƙo da gangaren tsauni, ana biyansu da abinci. An dasa miliyoyin itatuwa. A Badagishiri da Illela manoma suka haƙa tassa da rabin wata, wato ramukan tare ruwan sama, a ƙasar da gatari ke tsalle a kanta, gero ya fito. Mahaifiyata na cikin matan Kaita, wuyanta bai daina ciwo ba har ta koma ga Allah.

Ina hoton wannan? Ka rubuta sunan Nijar a intanet, abin da zai fito maka raƙumi ne a kan tudun rairayi, ko yaro mai tamowa a hannun ma'aikaciyar agaji. Shi baiwar Allahn nan ta gani, shi kuma 'ya'yana da aka haifa a nan suke gani. Babbar ta taɓa tambayata ko akwai tsauni a garinmu. 'Yar Adar guda! Ba ni da abin nuna mata, domin a zaurenmu na WhatsApp hoton biki ne da suna da sanarwar rasuwa, sai na 'yan siyasa. Kowa na da waya mai kyamara, amma ban taɓa ganin wanda ya hau tsauni a watan Agusta ya ɗauko mana kwarin Majiya yana kore shar ba.

Na kira ɗan ƙanwata da ke Kaita na ce zan aiko masa da kyamara, ya riƙa ɗauko mini wuraren da kakarsa ta yi aiki, rani da damina, daga wuri guda. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, nawa ne kuɗin kyamarar? Don in da hali gara ka turo su haka nan, in cika in sayi babur." Mun shirya a kan zan tura rabi, shi kuma ya fara da wayarsa in ruwa ya sauka.