Kaskon Kaka a Garin Olney

Olney ƙaramin gari ne a gundumar Buckinghamshire ta ƙasar Ingila, yana gefen kogin Great Ouse, kuma tun daga nesa baƙo yake hango tsinin hasumiyar cocinsu kafin ya ga rufin gida ko ɗaya. A can dangin surukata suke tun kaka da kakanni, kuma can ɗana ya kai ni a watan Fabrairu, lokacin da sanyi yake ratsa ƙashi, domin in gaisa da kakar matarsa, wadda ta haura shekara tamanin amma bakinta bai tsufa ba.

Kaka, kamar yadda na riƙa kiranta, ba ta bari na gama shan shayi ba ta ɗora ni a kan tarihin gari. Ta ba ni labarin John Newton, wanda ya taɓa zama kyaftin na jirgin fataucin bayi, daga baya ya zama limamin cocinsu a shekarar 1764, ya kuma shiga sahun masu yaƙi da cinikin bayi, kuma kabarinsa yana harabar cocin. Da ta ce kakarta masaƙiyar leshi ce, kamar yawancin matan garin a wancan zamani, sai na gyara zama, domin leshi abu ne da na sani. Ta buɗe akwati ta fito da wani ɗan zirin abu da bai kai faɗin yatsu uku ba, ta ce an yi makonni ana saƙa shi da hannu. Na yaba yadda ya kamata, amma a zuciyata na lissafa shekarun da za a ɗauka kafin a samu yadi biyar na fitar biki.

Abin da ya fi ɗaukar mata lokaci shi ne tseren wainar fulawa. Mutanen garin suna cewa a shekarar 1445 wata mata tana cikin suya ta ji ƙararrawar coci, sai ta fita da gudu da kaskon a hannu don kada ibada ta wuce ta. Shi ya sa a ranar Talatar da azumin Kiristoci yake kamawa washegarinta, ranar da ake ƙarar da ƙwai da madara da man da suka rage a gida, matan garin suke tsere na yadi 415 daga dandalin kasuwa zuwa coci, kowacce da siket da ɗankwali da ƙyallen girki a gaba, da kasko da waina a ciki. An farfaɗo da al'adar a 1948 bayan yaƙin duniya na biyu, kuma tun 1950 matan garin Liberal na jihar Kansas a Amurka suke yin nasu a rana guda, a gwada lokaci a ga wa ya fi. Kaka ta ce ita ma ta yi gudun tana amarya, da kaskon da ta gada daga kakarta masaƙiya, kuma kaskon yana nan har yau. Ni dai na ɗauka yana cikin akwati ɗaya da leshin.

Da asuba bayan na yi salla na sauko ɗakin girki neman ruwan zafi, sai idona ya faɗa kan wani kasko a rataye a bango, baƙi ƙirin, maiƙo da hayaƙi sun daskare a jikinsa har sun yi ɓawo. Na tuna cewa a gidan nan ɗana yake cin abinci duk lokacin da suka zo hutu. Na samo soson ƙarfe da sabulu, na ɗebo toka a murhun falo, na naɗe hannun riga. Kafin gari ya waye kasko yana ɗaukar ido, kuma a bayansa wani rubutu ya fito wanda aka zana da ƙusa.

Surukata ce ta fara shigowa. Ta dubi bango, ta dubi hannuna, ta ce, "Mama!" ta dafe kujera. Ɗana ya biyo ta, ya sunkuyar da kai ya ce da ni da Hausa, a hankali, "Hajiya, wannan fa shi ne kaskon tarihin." Na amsa masa cewa ban taɓa jin tarihin da sabulu yake kashewa ba, kuma har yau ina kan bakata.

Sai ga Kaka tana dogara sanda. Ta karɓi kaskon, ta sa tabarau, ta juya bayansa, ta daɗe tana kallon rubutun, sannan ta fashe da dariya har da tari. Sunan da ke jiki ba na gidansu ba ne, na maƙwabtansu ne da ke tsallaken titi. Ashe a safiyar tserenta hannun kaskonta ya karye, ta ruga ta aro na maƙwabciya, ta zo kusa da ta ƙarshe, kuma haushin hakan ya hana ta mayarwa. Da maƙwabciyar ta matsa, sai ta rantse cewa ta mayar tuntuni, gidajen biyu suka yi shekaru ba sa ko gaisuwa. Labarin gadon kaka masaƙiya kuwa daga baya ta ƙaga shi, ta faɗa wa 'yarta, 'yar ta faɗa wa jika, har surukata ta taɓa rubuta shi a makarantar firamare aka ba ta kyauta.

Na ce to, tun da gaskiya ta yi halinta, a mayar wa masu abu abinsu. Kaka ta ce maƙwabciyar ta rasu tuntuni, kuma ba za ta tayar da rigimar da aka binne ba. Ta umarci ɗana ya mayar da kaskon kan ƙusarsa, rubutun yana fuskantar bango.

Ranar Talata muka fita kallo. Saura minti biyar sha biyun rana aka tashi, kowace mace ta wurga wainarta sama ta cafe kafin ta zuba da gudu, kuma sai ta sake wurgawa a bakin coci. Na ji daɗin ganin Turawa da ɗankwali, ko da yake ɗaurin nasu yana bukatar gyara. Na tambaya ko baƙuwa tana iya shiga, aka ce sai wadda ta zauna a garin wata uku, kuma na lura ɗana ya yi ajiyar zuciya.

Da yamma 'yar marigayiya maƙwabciyar, wadda ita ma furfura ta cika mata kai, ta shigo shan shayi kamar yadda ta saba kowace shekara. Ta tsaya a ƙofar ɗakin girki tana yaba sabon kaskon da aka saya, ta ce irinsa mai nauyi ba ya samuwa yanzu, mahaifiyarta ma ta taɓa samun mai kama da shi. Sannan ta ce nata yana kama waina, ko za a ara mata wannan zuwa gobe. Surukata ta shaƙe da shayi, ɗana ya tuna cewa bai kulle mota ba. Kaka ta ajiye kofinta, ta dubi matar ido cikin ido, ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata, a gidan nan ba ma ba da aron kasko, domin mutane ba sa mayarwa."