Jarka Mai Lita 5 da Akuyar Makaranta

Kafin a tura mutum ƙauye aikin sa-kai a Uganda sai an tsare shi a sansanin horo, namu kuwa yana kusa da Jinja, inda Kogin Nilu yake fita daga Tafkin Victoria. Na iso da takardar digiri da katin rigakafin cutar shawara, wanda a lokacin ba a shiga ƙasar sai da shi, ina zaton gaban kwamfuta za a zaunar da mu. Sai ga malamar horon ta shigo da jarkoki, da igiya, da kyandir, da ƙusoshi, ta ce yau kowa zai haɗa famfon wanke hannu irin wanda ake takawa da ƙafa.

Na ɗaga hannu na ce, a garinmu buta muke amfani da ita, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba. Ta ce in nuna mata yadda ake yi. Na kwatanta. Ta ce, to hannun da ya fito daga banɗaki ya kama butar, mutum na gaba kuma da me zai kama ta? Na yi shiru. Ta ƙara da cewa wannan famfon, wanda aka fara yin irinsa da gora a Zimbabwe a shekarun 1980, ruwan da yake ci a wanki ɗaya bai wuce mililita 40 zuwa 50 ba, alhali mai zubawa da moɗa yakan kwarar da kusan rabin lita. A garin da ake ɗauko ruwa a ka daga nesa, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Kayan haɗin ba su da yawa. Gwafa biyu masu tsawon kamar mita 2, sanduna biyu miƙaƙƙu na mita 1, jarka mai lita 5, igiya, sabulu, tsakuwa. Ana haƙa rami biyu, zurfin kowanne santimita 45, tsakaninsu kamar santimita 60, a kafa gwafannin a danne gindinsu da duwatsu. A zura sanda ɗaya ta cikin hannun jarkar a ɗora kan gwafannin. A ɗaura igiya daga murfin jarka zuwa bakin ɗaya sandar da ke ƙasa, ita ce abin takawa. Ƙarƙashin jarkar a yi ɗan rami mai faɗin santimita 40 a cika shi da tsakuwa, don kada wurin ya zama taɓo, sauro ya samu gida.

Duk wannan ko yaro zai iya. Inda ake raba maza da yara shi ne hudar.

Hudar ruwa ana yin ta ne kamar santimita 12 ƙasa da murfi, faɗinta milimita 2, wato bakin ƙusa kawai za a dangwala bayan an gasa ta a kyandir. Filaya ɗaya ce a sansanin, layi ya yi tsawo, sai na naɗe ƙusa mai inci 6 da gefen rigata. Ƙarfe kuwa ba ya riƙe zafi a wuri ɗaya. Da zafin ya iso yatsuna sai hannu ya zabura, ƙusa ta shige roba har wuya. Abin da ya fito ba huda ba ce, taga ce. Da na taka sandar, ruwan da ya kamata ya ishi mutum kusan 100 ya ƙare kafin in gama goga sabulu.

A jarka ta gaba hudar ta yi daidai, amma ruwa ya yi ta gulguluwa yana tsayawa. Dalili: na ƙulla igiya a cikin murfin da katon ƙulli, ya toshe ƙofar da iska za ta shiga, kuma in iska ba ta shiga ba ruwa ba ya fita. Sai an ɗan buɗa hudar murfin, ko a sassauta shi. Igiyar ma tana da nata sharrin. In ta yi gajarta, jarka za ta kwana a karkace tana ɗiga, da safe a tarar da ita wayam. In ta yi tsawo, sanda za ta taɓa ƙasa jarka ko gezau, kai kuma kana ta bugun ƙasa da ƙafa kamar mai tayar da tsohon babur. Daidai shi ne bakin sandar ya ɗago daga ƙasa kamar taƙi guda idan jarka tana rataye a tsaye. Sannan ba a cika ruwa ya wuce hudar.

Sauran darussan sun zo da sauƙi. An koya mana tsaftace ruwan sha da rana: gorar roba garau da ake ganin cikinta, wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita kan rufin kwano awa 6, in an yi hadari sosai a bar ta kwana 2. An koya mana ruwan gishiri da sukari na masu gudawa: lita 1 ta ruwa mai tsafta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, kuma kada gishirinsa ya fi na hawaye. Abokin ɗakina ya ɗauki cokalin cin abinci ya auna gishirin, malama ta sa shi ya ɗanɗana da kansa, har yau in aka ambaci darasin sai ya tofar da yawu. Abinci kuwa tuwon masara ne mai tauri da wake, wani lokacin ɗanyar ayaba da aka turara cikin ganyenta. Na yi ta leƙen tukunya ina jiran miya ta iso, ashe waken ne miyar.

Aka zaɓi 15 ga Oktoba, Ranar Wanke Hannu ta Duniya da ake yi tun 2008, mu je wata firamare mu gwada abin da muka koya. Tun jajibere na kafa famfona a bakin banɗakin makarantar, na huda sabulu a tsakiya na rataye da igiya. An faɗa mana a kife gwangwani ko gindin gorar roba a kan sabulun, saboda ruwan sama da dabbobi. Na ga gwangwanin zai ɓata kyan aikin, na bar shi.

Da safe na sa farar shadda, har da hula, don su san daga inda na fito. Yara sun yi layi, shugaban makaranta yana gaba. Na miƙa hannu wajen sabulu, sai igiya kawai na kama. Can gefe ga wata akuya tana tauna, kumfa har gemu, tana kallona ba ko kunya. Na ce ba komai, inda babu sabulu ana amfani da toka, wannan ma yana cikin darasi. Aka ɗebo toka daga madafa, na goga, na taka sandar da ƙarfin mai jin haushi. Ruwan daren jiya ya riga ya sassauta ƙasa, ni kuma ramin gwafar hagu da na gaji da haƙa na tsaya a rabi. Gwafar ta sunkuyo, jarka ta zamo, murfi ya fice, ruwan duka ya sauka a gaban wandona. Na kai hannu in kare, hannun kuwa duk toka.

Yaran nan sun yi dariya har wasu na zama a ƙasa. Malama ba ta ce uffan ba, ta miƙo mini magirbi da abin awo, ta ɗaga yatsu huɗu, sannan biyar. Wata yarinya 'yar aji uku ce ta riƙe mini gwafar ina haƙa, ita ce kuma ta nuna mini cewa gara ta fara cin gindin itacen, ta kawo toka muka zuba a ramin.

Da dare na kira gida na ba Umma labari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Kai yaron nan, wato jirgi ka hau ka bar ƙasa don a koya maka huda jarka?" Na ce, Umma, huda ce mai ilimi, milimita 2 ce. Ta ce to madalla, in na dawo akwai jarkokin manja guda uku a bayan ɗaki suna jirana, akuyarta kuma ba ta cin sabulu, amma in yi hankali da igiyar.