Ni da aka yanka wa rago, na tashi a sirdi

A makon farko da na fara ajin koyon Sinanci a birnin Xi'an, malamarmu ta ce kowa ya zo da sunan Sinanci. Na kwana ina duba ƙamus. Na ɗauki Ma a matsayin sunan dangi, don shi ne ya fi yawa a cikin Hui, wata ƙabilar Musulmi ta ƙasar Sin, ana ma cewa daga Muhammadu aka gutsuro shi. Sai na haɗa da An, wato zaman lafiya. Shi ne harafin da ke ƙarshen sunan Xi'an, zanen mace ce a ƙarƙashin rufin ɗaki. Na ce to, Ma An, na gama.

Da na faɗa a aji, malama ta rufe baki tana dariya. Ashe Ma An, da wannan karin sautin, daidai yake da kalmarsu ta sirdi. Shi Ma ɗin kansa doki ne. Ka ɗan karkata murya ya zama uwa, ka sauke ta da ƙarfi ya zama zagi. Nan take ta ɗauki alli ta rubuta Ma Ning, ta ce ga sunanka. Ko minti 2 ba a yi ba.

Gaskiya ba na raina musu. Basine yana zama ya auna harafi, ma'anarsa, sautinsa, yawan layukan da ake ja wajen rubuta shi. Wasu har wurin masu duba suke zuwa a gano ko yaro ya rasa ruwa, wuta, ƙasa, itace ko ƙarfe a lokacin haihuwarsa, sai a cike giɓin da harafi. Su ma Hui da ke kewaye da babban masallacin garin, limaminsu yana raɗa wa jariri sunan Musulunci, ban da wanda ke kan takarda. Kuma Sinawan da ke sashen Hausa na rediyon ƙasarsu sun daɗe suna amsa sunayenmu, ba wanda ya ce sun zubar da girma.

Amma ni dai abin bai kwanta mini ba. Suna da alli? Ba rago, ba goro, ba wanzami, ba wanda ya shafa fatiha?

Abin da ya fi sosa mini rai ya zo daga baya. Na gaya wa wani abokin karatu Basine cewa sunan kakana na ci. Ya zaro ido, ya ce su a wurinsu rashin kunya ne a sa wa yaro harafin sunan manya, kauce masa ake yi. Na ce mu ma ai kunyar muke ji, shi ya sa mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana na yanka ba, tunda na surukinta ne. Abba take cewa. Ya ce to mene ne amfanin sunan da ba a kira? Na rasa Sinancin da zan ba shi amsa da shi, sai na ce a bar maganar.

Yanzu shekara 2 ke nan. A aji Ma Ning, a fasfo wani abu daban, masu shago kuma "laowai", baƙon waje. Ranar Juma'a idan na kira gida, da gangan nake yin shiru bayan sallama, har sai ta ce, "Abba, kana ji na kuwa?"