Kada a ɗora farantan sola a kan soro

Wani labari ya ce za a gyara tsoffin gine-ginen wani lambu, a sa musu sola. Madalla, amma don Allah kada a ɗora farantan a kan soro. Duk inda aka huda rufi aka ɗaura ƙusa, nan ruwan Agusta zai bi ya ruɓar da azara. A kafa musu ƙafafun ƙarfe daga gefe, su kalli kudu, karkata digiri 13 zuwa 15, iska na ratsa ƙarƙashi, don zafin Afrilu a Sakkwato yana rage musu ƙarfi. Da hunturu a riƙa wanke ƙura duk mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Bango kuwa makuba, wato shafen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, ita ce maganinsa, ba siminti ba. Siminti yana riƙe danshi, damina biyu-uku sai ya ɓamɓare da ƙasar.