Da gaske masu ciwon suga ne ke da taurin kai?

Akwai majinyacin da likitan iyali ke jin jikinsa ya yi sanyi da zarar ya ga katinsa a kan tebur. Ba wanda aka kawo rai a hannun Allah ba, shi wannan an san abin da za a yi masa. Mai ciwon suga ne da ya daɗe yana zuwa, kullum gwajinsa a sama. A ƙara magani, shiru. A yi masa nasiha ya ce "to likita, in sha Allahu", ya dawo bayan wata uku jiya i yau. Daga ƙarshe a rubuta a katin cewa ba ya bin umarni, kuma duk likitan da ya buɗe katin nan gaba ya gama yanke hukunci tun kafin su gaisa.

Ba a nan aka fara ba. Tun 1978 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, James Groves, ya yi rubutu a kan majinyatan da likitoci ke fargabar gani, kuma binciken da aka yi a can daga baya ya nuna kusan ɗaya cikin shida na masu zuwa ganin likita ana ɗaukar su a matsayin masu wahalar sha'ani. Mai suga yana saurin faɗawa wannan sahu, domin likita ya saba ya rubuta magani a warke, shi kuwa wannan ciwo ba a gama shi a asibiti. Aikin yana gida, a kwanon abinci da aljihu. Likita dai lamba yake gani. Gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance a wata uku da suka wuce, ana son ya zauna ƙasa da 7 ga yawancin manya. In ya ga 11 sai ya ji kamar shi ne ya gaza, kuma wanda ya ji ya gaza ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi.

Ni a ganina, mafi yawan abin da ake kira taurin kai tambaya ce da ba a yi ba.

A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita, kuma tun faɗuwar naira a 2023 farashin insulin, wato allurar da ke saukar da suga, da tsinken gwaji ya yi tashin gwauron zabi. Magidanci zai raba ƙwayar metformin biyu don ta kai shi ƙarshen wata, amma ba zai buɗe baki ya gaya wa likita sa'an ɗansa cewa ba shi da kuɗi ba. Wata ta sha ƙwayar suga ta glibenclamide ba ta karya ba, jiki ya ɗauki rawa, gumi ya karyo, ido ya yi duhu. Ta tsorata ta ajiye maganin, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa sugan ne ya yi ƙasa sosai. Wani kuma ciwon ya taɓa masa mu'amalar iyali, abin na cin sa a rai, kunya ta hana shi faɗa, shi ya sa ya koma wajen mai maganin gargajiya, wanda shi ba ya jin nauyin ɗauko zancen. Ga ciwon damuwa, wanda ya kusa ninkawa a tsakanin masu suga, amma da wuya ka ji an tambaya.

Sai maganar abinci, wadda ta fi ba ni haushi. A ce wa mutum ya bar shinkafa, ya bar tuwo, ya bar fura, ya koma alkama da acca, alhali su ma suna ɗaga suga in aka cika ciki da su. Matar da ke girka tukunya ɗaya don gida guda, ta ina za ta ware masa tasa? Da an nuna masa yadda zai rage malmala ya ƙara ganye da wake, ya iya. An ba shi dokar da ba ta biyuwa, sannan an ce ya ƙi bi.

Kuma ciwon kansa ba tsayawa yake ba. Babban binciken da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, ya nuna cewa nau'i na biyu na ciwon suga, wanda ya fi kama manya, ƙaruwa yake da shekaru ko da ana shan magani, don ƙarfin jiki na samar da insulin raguwa yake. Ke nan lamba na iya hawa ba tare da laifin kowa ba. Wani lokacin ma likitan ne ya yi ta jan ƙafa wajen fara allurar insulin, yana cewa a ƙara gwadawa wata uku.

Kada a ce na wanke majinyata tas. Akwai mai shan magani kwana biyu kafin ranar asibiti don gwajin safe ya yi kyau. Akwai mai jin lasifikar mai magani a kasuwa yana rantsuwar zai raba shi da suga har abada, ya watsar da na asibiti, sai ƙafa ta yi gyambo a kwaso shi. Likitan da ya ga irin wannan, ga layi har waje, ga mintuna kaɗan ga kowa, dole ransa ya ɓaci. Ban ga laifinsa ba don ya ji haushi. Inda na ga laifi shi ne haushin ya zama rubutu a kati.

Azumi ma haka. Da yawa suna yi a ɓoye don sun san faɗa za a yi musu, su canza lokacin magani da kansu. Likitan da ya ce "Baba, na san za ka so ka yi azumi, zo mu tsara" zai ji gaskiya, har ya samu damar gaya wa wanda azumin ke da haɗari gare shi ya haƙura. Haka nan "kana shan magani?" amsarta "e" ce ko da yaushe. A gwada "Hajiya, a watan nan kwana nawa magani ya yanke miki?"