Daskarar da ƙarin kansar mama bai maye gurbin sauran magunguna ba

Tun da labarin daskarar da ƙarin kansar mama ya fara yawo a wayoyin mutanen Kano, wasu mata sun ɗauka an samu hanyar warkewa ba tare da tiyata ko ƙarin ruwan maganin kansa ba, har na ji wata baiwar Allah a layin asibiti tana cewa za ta jira shi. Wannan fahimta ta tayar mini da hankali.

Abin da likita ke yi shi ne ya soka siririyar allura cikin ƙarin yana duban na'urar hoto, sannan iskar agon ko ruwan naitirojin ya sanyaya bakinta har sanyin ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyos, ƙwayoyin kansar da ke wurin su mutu. Sanyin yana kashe abin da ya taɓa ne kawai, alhali cutar da ta yi nisa ta riga ta kai ƙashi, hanta ko huhu. Shi ya sa masu bincike ke haɗa shi da ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda ake ɗiba daga jinin majinyaciya, a yawaita su a ɗakin gwaji, a mayar mata, da fatan su farauci ragowar cutar. Har yanzu haɗin yana matakin gwaji, don haka wadda aka rubuta wa magani kada ta ajiye shi.